Annan, garin su Clapperton baƙon Sarkin Musulmi Bello

Annan wani ɗan ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Sikotilan, daf da iyakar Ingila, cikin yankin da ake kira Dumfries and Galloway. Mutanensa duka-duka ba su kai dubu 10 ba. Namu in sun zo Sikotilan Edinburgh da Glasgow ake nufa, masu karatu su wuce Aberdeen ko Dundee, ba wanda yake saka Annan a lissafi, kai babbar hanyar A75 ɗin ma kewaye garin take yi, tireloli masu zuwa tashar jirgin ruwa ta Cairnryan sai dai su wuce fuuu ko waiwaye babu. Ni ma dai aiki ne ya kawo ni yankin, kuɗin haya kuma ya zaɓa min garin, don abin da za ka biya ka kama gida sukutum a nan, a Edinburgh ɗaki ɗaya ma sai ka yi da gaske.

Amma fa garin yana da alaƙa da mu wadda manyan biranen can ba za su nuna irinta ba. A nan aka haifi Hugh Clapperton a 1788, Baturen nan da ya shiga Kano da Sakkwato shekaru kusan 80 kafin zuwan su Lugga. Babansa likita ne a garin, mutum mai iyali sosai, 'ya'ya 21 ya haifa da mata biyu, to ka ga yaro a irin wannan gida ba zaman jiran gado zai yi ba. Yana ɗan shekara 13 ya shiga aikin jirgin ruwa mai safara tsakanin Liverpool da Amurka ta Arewa, daga baya ya tsinci kansa a sojan ruwan Birtaniya, har Kanada ya yi aiki. Da yaƙe-yaƙen Napoleon suka ƙare aka sallame shi gida da rabin albashi, yana nan yana zaman kashe wando sai ya haɗu da wani likita ɗan Edinburgh mai suna Walter Oudney wanda gwamnati za ta tura Borno. Shi kenan ya bi shi.

Su uku ne, da wani soja Dixon Denham wanda ba sa ga-maciji da Clapperton ko kaɗan. Sun taso daga Tarabulus a 1822, suka keta Sahara suka iso Kukawa wajen Shehu al-Kanemi a Fabrairun 1823. Daga nan Clapperton da Oudney suka yo yamma, Oudney ya rasu a hanya kusa da Katagum a Janairun 1824, shi kuma Clapperton ya ƙarasa Kano cikin wannan watan. A hanya sunan da yake amfani da shi Abdullahi. Ya yi kiyasin mutanen Kano a lokacin tsakanin dubu 30 zuwa dubu 40, ya yaba tsarin kasuwar da yadda ake tafiyar da ita, kuma abin da ya fi ba ni dariya, a cikin kasuwar Kano ya sayi lema koriya ƙirar Ingila a kan dalar Sifen 3. Wato kai ka sha wahalar hamada kana ganin ka zo inda ba wanda ya taɓa zuwa, ashe lemar garinku ta riga ka isowa a kan raƙumin fatake.

A watan Maris 1824 ya isa Sakkwato, Waziri Giɗaɗo ne ya kula da masaukinsa. Zaman da ya yi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ne wurin da nake so duk ɗan Arewa ya karanta da kansa. Bello ya yi masa tambayoyi a kan ɗariƙun Kiristanci na da can, irin su Nestoriyawa, har Clapperton da bakinsa ya amsa cewa shi fa iliminsa na addini bai kai nan ba. Ya tambaye shi labarin yadda Ingilishi suka mamaye Indiya, abin da ke nuna cewa mutanen sun san me ake ciki a duniya, kuma sun san abin da ke biyo bayan irin wannan ziyara. Ya ba shi taswira da wasiƙa zuwa ga Sarki George na huɗu, amma hanyar Yawuri da Nufe da yake son bi don ya ga inda Kwara ta nufa, wannan kam bai samu ba.

Zuwansa na biyu ta kudu ya biyo. Ya sauka Badagry a ƙarshen 1825, ya ratsa ƙasar Yarabawa, ya haye Kwara a Busa inda Mungo Park ya halaka a 1806, shi ma Park ɗin ɗan Sikotilan ne daga wajen Selkirk, ban san me ke tsakanin mutanen nan da kogin Kwara ba. Ya kawo wa Bello littattafan Larabci, ciki har da na lissafin Euclid, Bello ya ji daɗinsa ƙwarai don ya ce suna da kwafi a gidansu gobara ta cinye. Sai dai wannan karon ya zo a mugun lokaci, Sakkwato da Borno suna cikin yaƙi, shi kuma ga shi ɗauke da kyaututtuka da wasiƙa zuwa ga Shehun Borno. Aka karɓe kayan, aka hana shi wucewa. Ciwon atuni ya kama shi ya rasu ranar 13 ga Afrilu 1827, yaronsa Richard Lander, wanda mutane ke kira Nasara Ƙarami, shi ya binne shi a wani ƙauye a wajen gari, ya kwashi takardunsa ya mayar Ingila. Gwamnatin Landan ce ta tura Clapperton, ba yawon buɗe ido ya zo ba, wannan kada a manta, kuma abin da irinsu suka rubuta na hanyoyi da garuruwa da ƙarfin dakaru ya yi wa waɗanda suka zo da bindiga a 1903 amfani. Duk da haka ni ina ganin rubutunsa yana da daraja a wurinmu, don shaida ce ta wanda ya ga Daular Usmaniyya da idonsa tun tana sabuwa. A Sakkwato har titi akwai mai sunansa. A nan garinsu kuwa cikin waɗanda nake hira da su a wajen aiki da maƙwabta, tsofaffi ne kawai suke cewa sun san sunan, da na ce musu kabarinsa yana ƙasarmu sai su buɗe baki.

To me zai sa yaro ɗan shekara 13 daga irin wannan gari ya faɗa teku? Sai ka gangara bakin kogi za ka gane. Kogin Annan yana gangarowa ne daga tsaunukan wajen Moffat ya zo ya faɗa Solway, wani faffaɗan mashigin teku da ya raba Sikotilan da Ingila ta yamma. A zamanin Clapperton da bayansa Annan tashar jiragen ruwa ce mai rai. Daga nan jirage ke kwasar masu ƙaura zuwa Kanada, ana fitar da hatsi da dabbobi zuwa Liverpool, ana shigo da katako. A tsakiyar ƙarni na 19 gidan Nicholson sun ƙera manyan jirage masu filafilai a nan, irin masu gudun nan da ke zuwa Sin ɗauko ganyen shayi. Yau in ka tsaya a wurin, laka ce da 'yan ƙananan kwalekwale da tsofaffin sito-sito, da ƙyar ka yarda an taɓa tura jirgin da zai je Sin daga wannan ɗan lungu. Jirgin ƙasa ya zo ya kwashe cinikin, laka kuma ta cike hanyar ruwan. Akwai wata ƙungiyar 'yan gari da ke ta fafutukar gyara tashar, Allah Ya taimake su.

Solway ɗin nan ba abin wasa ba ne. In ruwa ya janye sai ka ga fili fetal na yashi har kana hango Ingila kamar ka taka da ƙafa, in ya tashi dawowa kuma gudu yake yi, ga wuraren da yashin ke zurmawa da mutum. Mutanen da can suna hayewa ta wasu mashigai da suka sani, kuma ta nan ɗin ake kai wa juna hari. Akwai labarin da suke ji da shi, wai a 1626 wasu 'yan wannan tsallaken suka haye suka sace ƙararrawar cocin Bowness da ke ɓangaren Ingila, da aka biyo su sai suka jefar da ita a ruwa, su kuma mutanen Bowness suka hayo suka ɗebe na cocin Dornock da Middlebie a madadi, kuma har yau suna can ba su dawo da su ba. Fasa-ƙwauri ma ya yi tashe a gaɓar nan sosai a ƙarni na 18, giya da taba da shayi daga tsibirin Isle of Man. Robert Burns, mawaƙin da duk Sikotilan ke alfahari da shi, ma'aikacin haraji ne a wannan yanki, yana cikin waɗanda suka kama wani jirgin 'yan sumoga a Solway a 1792.

In aka koma baya sosai, garin na gidan Bruce ne. Wajen 1124 Sarki David na ɗaya ya ba wani Robert de Brus ƙasar Annandale, suka gina ganuwarsu a kan wani tudu a bakin kogin, tudun yana nan har yanzu a gefen filin shaƙatawa, ciyawa da bishiyoyi sun rufe shi, in ba a nuna maka ba wucewa za ka yi. Daga zuriyar nan aka samu Robert the Bruce, sarkin da ya ci Ingilishi da yaƙi a Bannockburn a 1314. Daga baya gidan suka tattara suka koma Lochmaben. Masu tarihi sun ce kogi ne ya cinye wani sashe na ganuwar, mutanen gari kuma suna da nasu bayanin, wai wani babban malamin coci daga Ireland mai suna Malachy ya sauka a gidan, ya roƙi a yi wa wani ɓarawo afuwa, maigidan ya ce ya yi, da malamin ya fito sai ya ga ɓarawon a rataye, shi ne ya yi musu baki. Kowa dai da abin da ya ɗauka. Abin da ba tatsuniya ba shi ne na Disambar 1332, lokacin da magoya bayan gidan Bruce suka yi wa Edward Balliol dirar mikiya da asuba a Annan, mutumin da 'yan watanni kafin nan aka naɗa shi sarkin Sikotilan, ya tsere a kan doki ko kayan kirki babu a jikinsa sai birnin Carlisle da ke tsallaken iyaka a Ingila.

Shekaru ɗaruruwa bayan nan garin bai huta ba, yau Ingilishi su ƙone shi gobe ɓarayin shanun kan iyaka su wawashe shi, har takardun garin na asali suka salwanta, sai a 1538 Sarki James na biyar ya sake ba su takardar da ta tabbatar musu da matsayin garin sarki, da filayensu da haƙƙinsu na kamun kifi. Lafiya ba ta samu sosai ba sai bayan 1603 da sarki ɗaya ya haɗa sarautar ƙasashen biyu. Shi ya sa in kana neman tsofaffin gine-gine na shekara 500 a Annan ba za ka samu ba, kusan duk abin da ke babban titi na ƙarni na 18 da na 19 ne.

Amma suna da kyau fa. Kusan komai da jan dutse aka gina shi, wanda ake haƙowa a Corsehill nan kusa, in rana ta fito bayan ruwan sama sai garin duk ya yi jawur. Dutsen nan har Amurka an kai shi, da shi aka yi babban matattakalar ginin majalisar jihar New York da ke Albany. Gadar da ke kan kogin a shigowa gari ta yamma Robert Stevenson ne ya tsara ta a shekarun 1820, injiniyan da ya yi suna wajen gina hasumiyoyin fitilar teku. Zauren majalisar gari mai dogon agogo na 1878 ne, a gabansa akwai mutum-mutumin Robert the Bruce wanda sai a 2010 aka ɗora shi, gurbin ya fi shekara 100 yana jira. Akwai kuma na Edward Irving, wani mai wa'azi ɗan garin da ya yi tashe a Landan, a 1833 aka kira shi gida aka yi masa shari'a a cocin Annan aka tuɓe shi bisa zargin ya kauce wa aƙida, bayan ya mutu kuma garin ya sassaƙa masa mutum-mutumi. Halin ɗan Adam ke nan. Abokinsa Thomas Carlyle, marubucin nan ɗan Ecclefechan, a makarantar Annan Academy ya yi karatu har ya dawo ya koyar da lissafi. Suna ji da shi, ni kam tun da na ga abin da ya rubuta a kan baƙar fata a 1849 na ajiye shi gefe.

Abin da na lura da shi a tarihin garin nan na baya-bayan nan, kullum akwai wani babban abu guda da kowa ke ci daga jikinsa, sai a wayi gari ya tafi. Bayan tashar jirgin ruwa sai gadar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa a kan Solway a 1869, tsawonta ya fi mil ɗaya, don a riƙa kwaso tama daga Cumberland zuwa masana'antun ƙarfe na Lanarkshire. A sanyin 1881 ruwa ya daskare, da ya fara narkewa sai manyan dunƙule-dunƙulen ƙanƙara suka riƙa dukan ƙafafun gadar har sama da 40 suka zube. An gyara, amma cinikin bai dawo kamar da ba, aka rufe ta a 1921, aka kwance ta a tsakiyar shekarun 1930. Kafin a kwance ta wai ranar Lahadi mashaya sukan taka ta da ƙafa su haye Ingila saboda a Sikotilan ba a buɗe mashaya ran Lahadi a lokacin. Guntun bakin gadar yana nan, mutane na zuwa yawo da karnuka.

Lokacin yaƙin duniya na ɗaya kuma sai ga masana'antar albarushi ta Gretna, wadda ta faro daga Eastriggs nan gabas da Annan ta miƙe mil 9 har cikin Ingila, ma'aikata wajen dubu 30 a ganiyarta, da yawansu 'yan mata ne da ke cuɗa sinadarin da hannu. Wannan cuɗin shi aka yi wa laƙabi da kunun Shaiɗan, kuma sunan gidan tarihin da ke Eastriggs ke nan, The Devil's Porridge. In za ka ga gidan tarihi ɗaya tak a yankin to wannan ne, ya fi na cikin garin Annan abin kallo nesa ba kusa ba, ko da yake na garin ma a Bank Street ba laifi kuma kyauta ne. Shan giyar leburorin da suka gina masana'antar ya kai har gwamnati ta ƙwace mashayun Carlisle da Gretna da Annan ta riƙa tafiyar da su da kanta tun daga 1916, ba ta sake su ba sai farkon shekarun 1970.

Sai Chapelcross, tashar nukiliya ta farko a Sikotilan, da aka buɗe a 1959 a wani tsohon filin jirgin saman soja. Wuta tana bayarwa, amma asalin dalilin gina ta samar da sinadarin makaman nukiliya ne. Duk dattijon da ka zauna da shi a Annan, ko shi ya yi aiki a can ko wansa ko surukinsa. Ta daina aiki a 2004, ranar 20 ga Mayu 2007 aka tarwatsa dogayen hasumiyoyinta 4 cikin 'yan daƙiƙoƙi, wata maƙwabciyata ta ce min da can in suna dawowa daga tafiya da sun hango hasumiyoyin nan sun san an iso gida. Har yanzu akwai masu aikin kwance tashar, aikin da zai ɗauki shekaru masu yawa. Na baya-bayan nan shi ne kamfanin sarrafa kifi na Pinneys da aka rufe a 2018, mutum wajen 450 suka rasa aiki, a garin da bai kai mutum dubu 10 ba ka san wannan ba ƙaramin duka ba ne. Wanda ya yi ƙarko shi ne Cochran a Newbie, masu ƙera manyan tukwanen tururi na masana'antu, tun ƙarshen ƙarni na 19 suke nan. Akwai kuma wata tsohuwar matatar wiski da aka farfaɗo da ita a 2014 bayan kusan shekara 100 a rufe, wannan ba hurumina ba ne.

Abin da bai tafi ba shi ne abubuwan da takardar 1538 ta ba su. Na ɗaya kamun kifi da wata irin koma da suke kira haaf, wadda aka ce tun zamanin Vikings, maharan nan na teku daga arewacin Turai, ake yin ta. Katako ne mai faɗin kusan mita 5 da raga a jiki, mutum ya saɓa shi a kafaɗa ya shiga ruwan Solway mai sanyin tsiya har ƙirji, su jeru, kowa ya tsaya inda ƙuri'a ta ba shi, suna jiran kifin salmon ya faɗo. Yanzu masu yi sun ragu ƙwarai, dokar kare kifin ta sa in ka kama salmon sai dai ka sake shi, to wa zai tsaya cikin ƙanƙara awa da awanni don ya kama ya saki in ba mai son abin a ransa ba. Na biyu shi ne hawan kewaye iyakar gari da ake yi Asabar ɗin farko ta watan Yuli. Ana zaɓar saurayi guda da budurwa guda su jagoranci mahaya, a damƙa wa saurayin tutar gari, dawakai sama da 100 su fita tun da safe su zagaye iyakokin filayen garin su dawo ya mayar da tutar. Da rana a yi jerin gwanon motoci masu ado, da yamma masu busa algaitarsu mai jaka su cika babban titi da ganguna. Shi ne hawan Sallarsu, duk ɗan garin da ke Glasgow ko Landan ranar yana gida, sai dai dawakin ba su sha ado ko kusa da namu ba.

Zaman yau da gobe kuwa, gaskiya garin ya wadatar daidai gwargwado. Akwai tashar jirgin ƙasa a kan layin Carlisle zuwa Glasgow ta Dumfries, wajen minti 20 ka isa Carlisle, Dumfries ma kusan haka, daga Carlisle kuma ka samu jirgin Landan ko Manchester kai tsaye. Bas mai lamba 79 tana bin Dumfries, Annan, Gretna har Carlisle. Yara 'yan ƙasa da shekara 22 da dattawa daga 60 bas kyauta suke hawa a duk Sikotilan in suna da katin. Akwai Tesco da Aldi, akwai kemis-kemis, gidan waya, laburare, wurin ninƙaya, makarantun firamare da sakandare guda, har da 'yar ƙaramar silima mai zaman kanta wadda kuɗin shigarta bai kai na manyan birane ba. Likitan unguwa akwai, da ɗan ƙaramin asibiti, amma babbar matsala ko haihuwa sai Dumfries. Maganin da likita ya rubuta maka kyauta ne a Sikotilan tun 2011, alhali mil kaɗan daga nan a Ingila biya ake yi. Likitan haƙori na gwamnati ne dai samunsa sai an sha wuya, wannan kuka ne na duk yankin. Babban titi kuma kamar na sauran ƙananan garuruwan Birtaniya, shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji da masu aski da masu soya kifi da dankali sun yi yawa, wasu shagunan a rufe.

Abin da na fi so shi ne bakin kogi. Daga filin Everholm hanya ta bi gefen ruwa ta yi arewa zuwa Brydekirk cikin bishiyoyi, wani sashe ne na doguwar hanyar ƙafa ta Annandale Way mai mil 50 da wani abu, daga tsaunukan Moffat har bakin teku. Da akwai gadojin ƙafa biyu da mutane ke hayewa su zagayo ta ɗaya gefen, ambaliyar Oktoban 2021 ta tafi da su duka biyun a dare ɗaya, aka shafe shekaru ana ta maganar kuɗin sake su.

Ga Musulmi sai ka shirya. Ba masallaci a garin, Juma'a sai Dumfries ko Carlisle, naman halal ma can za ka saya ka cika firiza, kayan miyarmu irin su kuka da daddawa kuwa sai in wani zai zo daga Glasgow ko Manchester ka ba shi saƙo. Da rani rana ba ta faɗuwa sai kusan 10 na dare, Isha'i da Asuba su matso juna har ka rasa yaushe za ka yi barci, da hunturu kuma kafin 4 na yamma an yi Magariba, Azahar da La'asar da Magariba duk a wajen aiki za su same ka. Ruwan sama kam ba a maganarsa. Mutanen suna da gaisuwa da son hira, a layin kanti ma tsohuwa za ta ja ka da zancen yanayi, sai dai Turancinsu sai ka kasa kunne da kyau, wanda muka koya a makaranta daban wannan daban.

Masu son ƙwallo akwai Annan Athletic a filin Galabank, masu baƙi da ruwan ɗorawa. Sun shiga gasar ƙwararru ta Sikotilan ne a 2008 bayan kulob ɗin Gretna ya durƙushe, kuma a Maris 2013 suka je har Ibrox, filin Rangers a Glasgow, suka doke su 2 da 1, lokacin da aka jefo Rangers ɗin can ƙasa saboda bashi. Har gobe in ka tayar da zancen wasan nan a garin ka samu abokin hira. Filin ƙarami ne, kana tsaye kana jin duk abin da koci ke faɗa wa 'yan wasa, har da wanda bai kamata yara su ji ba.

Wanda ke son zuwa, wuni ɗaya ya isa. Ka sauka Carlisle ka hau jirgin Dumfries, Gretna Green ce tasha ta farko inda masoya ke guduwa daga Ingila su ɗaura aure tun 1754, ta biyu Annan. In da mota kake ka ƙara gaba kaɗan yamma zuwa ƙauyen Ruthwell, inda wani limamin coci Henry Duncan ya buɗe bankin ajiya na talakawa a 1810, wanda ake ɗauka shi ne na farko irinsa. Ka taho da rigar ruwa ko da Yuli ne, kuma in ranar Lahadi ce ka duba jadawalin jirgin komawa tun kafin ka baro Carlisle, don ba su da yawa.